Wayar Inna da aka ɗaure da roba

Wata Juma'a cikin watan Afrilu, bayan an sauko daga masallaci, na biya gidanmu na Rafindadi, cikin birnin Katsina, in gaida Inna. Na same ta a rumfa tana tsince shinkafa a faranti, wayarta na gefe kan tabarma, karatun Alƙur'ani na tashi a hankali. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne robar da aka naɗe wayar da ita, irin wadda ake ɗaure kuɗi, har zagaye uku.

Na ce, "Inna, a ba ni wayar nan in gani."

Ta miƙo ba ta ko ɗago kai ba. Ina warware robar sai murfin baya ya ɗago da kansa. Na juya wayar ta gefe, na ga gilashin ma ya fara rabuwa da jikinta, har haske na leƙowa ta tsagar. Na ɗora yatsa a bayan, na ji tudu, ga kuma ɗumi.

"Tun yaushe ta yi haka?"

"Tun kafin azumi. Yaran nan ne suka ɗaure mini. Ai tana aiki lafiya lau."

"Da dare ina ake ajiye ta?"

"Ƙarƙashin matashi mana. Nan wutar take kusa."

Gabana ya faɗi. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa, doguwar magana ba ta shiga tsakaninmu. Saboda haka ban tsaya ja-in-ja ba. Na kashe wayar, na cire layinta na sa mata a 'yar ƙaramar Nokia da nake yawo da ita a aljihu, na ce gobe in sha Allahu zan dawo da tata.

Shekara shida na yi ina sana'ar cajin waya a wata rumfar kwano wajen Ƙofar Ƙaura, kafin in koma sayar da caja da sauran tarkacen waya. Wayoyin da suka bi ta hannuna ba zan iya ƙirga su ba. A cikin shekarun nan na lura mutanenmu kashi biyu ne game da batir. Akwai wanda waya ta ɗan rage riƙe caji sai ya ce ta mutu, ya je ya sayar da ita a wulaƙance, alhali dubu kaɗan za su mai da ita yadda take. Akwai kuma irin Inna, wanda batir ya kumbura har ya ɓalle murfi amma tun da ana jin "salamu alaikum" a ciki, to lafiya lau. Na farko asarar kuɗi yake yi. Na biyun da rayuwarsa yake wasa bai sani ba, shi ya sa zan fara da shi.

Batirin da ya kumbura ba a neman shawarar kowa a kansa, ba a kuma jiran ƙarshen wata. Iska ce ta taru a ciki saboda sinadaran sun fara lalacewa, kuma abin da ya raba ɓangarori biyu na batirin wata 'yar leda ce siririya ƙwarai. In ta huje, ɓangarorin suka haɗu, zafi zai tashi nan take, wuta na iya biyo baya. Robar da yaran suka ɗaura matse shi take ƙara yi. Haka mai danna murfin da babban yatsa don ya koma, haka mai soka masa allura wai don iskar ta fita. Na taɓa ganin wani yaro zai yi haka a gaban rumfata, sai da na riƙe hannunsa. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda baturan suna kamawa da wuta, har aka hana hawa jirgin sama da ita. Waccan matsalar ƙira ce, ba ta tsufa ba, amma irin wutar ɗaya ce, kuma babu wanda zai so ta tashi a ƙarƙashin matashin mahaifiyarsa.

A zamanin wayoyin da ake cire musu batir, gane kumburi ba wuya. Duk wanda ya riƙe batirin BL-5C na Nokia ya san dabarar: a kwantar da shi kan tebur, a ɗan buga gefensa da yatsa. In ya juya kamar katantanwa, ya yi ciki, a jefar da maganarsa. Yanzu da aka manne batura a ciki, sai dai a kwantar da wayar kanta kan abu mai santsi bayan an cire mata riga, a ga ko tana lilo, a kuma duba gefen gilashi ko ya ɗago. Wani lokaci wani farin tabo ne ke fitowa a tsakiyar fuskar wayar, inda batirin ke turo ta daga ciki. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, wurin da ake murza yatsa ne ke tasowa ko ya ƙi dannuwa.

Sauran alamomin su ne ke buƙatar natsuwa, don a nan ake yawan zaluntar batir, a nan kuma ake yawan yi masa uzurin da bai cancanta ba.

Na fi son in kwatanta shi da randa. Sabuwar randa in an cika ta, ruwa ne tun daga gindi har baki. Shekara na tafiya laka na kwanciya a ƙasa. Kullum ka cika ta za ka ga ruwa har baki, amma moɗa nawa za ka ɗiba kafin ka taɓo laka? Kashi 100 ɗin da waya ke nuna maka bakin randa ne kawai, ba ta gaya maka yawan lakar da ke ƙasa. Batirin da aka rubuta masa 5000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, irin wanda ke cikin yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu, in lafiyarsa ta sauko kashi 80 to 4000 yake ɗauka, ko da ya kwana a wuta.

Kuma wannan saukar ba makawa. Batirin litiyam, wanda Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991, har aka bai wa mutum uku lambar Nobel a 2019 saboda aikinsu a kansa, da zagaye ake ƙirga shekarunsa. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100, ko a zama ɗaya ko a rarrabe: ka sha 60 yau ka cika, gobe ka sha 40, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce baturan wayoyinsa, har zuwa iPhone 14, an yi su ne su riƙe kashi 80 bayan zagaye 500, daga iPhone 15 kuma 1000. Yi lissafi da 500 ɗin. Mai cinye caji ɗaya a rana zai kai wurin cikin shekara ɗaya da wata huɗu zuwa biyar. Ɗan kasuwar da ke kan WhatsApp tun safe har dare, yana cinye ɗaya da rabi, ba zai cika shekara ba. Shi ya sa in mutum ya ce mini, "Wallahi wayar nan bara na saye ta a kwali," ba na musu da shi, sai in tambaye shi sau nawa yake sa ta a wuta a rana.

Ga kuma zafinmu. Masu ƙera wayoyin nan suna gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. Mu kuwa a Katsina, Afrilu da Mayu, 40 ma wuce ta muke yi, a inuwa. A nan ne wani abu ke damuna har yau. Shekaruna biyu na farko a rumfar caji, jibge wayoyi nake yi a cikin akwatin katako, ɗaya kan ɗaya, kowace da rigarta ta roba da 'yar takardar lamba, kwano na gasa su daga sama, janareta na huci daga gefe. Da la'asar in na ɗauko ta tsakiya sai na sauya hannu. Mutane sun ba ni amanar kayansu, sun biya ni, ni kuma ina rage musu kwana ban sani ba. Da na gane, na sa kafinta ya yi mini kanta mai hawa huɗu da tazara, na riƙa cire wa kowace riga, wadda ta cika in zare ta. Duk mai rumfar caji da ya karanta wannan, don Allah ya duba nasa akwatin.

Alamar da na fi yarda da ita, fiye da saurin ƙarewar caji, ita ce mutuwar fuju'a. Waya na kan kashi 30 ko 40, ka buɗe kyamara ko kira ya shigo, sai ɗif. Ka sa ta a wuta, ta farfaɗo ta nuna maka 25. Ko kuma ka ga lambar tana tsalle, daga 60 zuwa 35 cikin minti biyu, a caji kuma ta cika cikin ɗan lokacin da bai kamata ba. Tsohon batir kamar tsohon jaki yake: a miƙaƙƙiyar hanya zai tafi da kaya, amma da an zo hawa sai ya durƙusa. Kyamara da kira da bidiyo su ne hawan, suna neman wuta mai yawa a lokaci guda, shi kuma ba zai iya turowa ba. Sanyi na ƙara tona masa asiri, shi ya sa da sanyin safiyar Disamba da Janairu masu irin wannan kuka suka fi yawa. Wannan matsalar ce ta sa Apple ya riƙa rage gudun tsofaffin iPhone don kada su riƙa mutuwa, abin da ya amsa a ƙarshen 2017, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2018 ya sanya wurin duba lafiyar batir a cikin wayar. In wayarka ta kai wannan matakin, ko ba kumburi, batirin ya gama aikinsa.

Saurin ƙarewar caji shi kaɗai kuwa ba ya isa hujja. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane daga wajen Batsari da Safana suna shigowa birni su yi kira, da yawansu na cewa batirinsu ya lalace. Ba abin da ya same shi. Waya in ta rasa sabis ba ta haƙura, ƙara ƙarfi take yi tana lalube, yini guda tana kiran da ba mai amsawa, caji na zuba. Haka yake ga wanda ɗakinsa sabis ɗin sanda ɗaya ne. Haka wanda ya ƙure hasken fuskar wayar don yana aiki a rana, ko wanda yara suka cika masa waya da wasanni masu talla.

Gwajin da nake ba mutane ba ya cin ko sisi. Cika wayar da dare, zare ta daga wuta, danna alamar jirgin sama, ka kwanta. In da asuba ta sauka da kashi biyu ko uku, ba komai. In ta zubar da 15 ko 20 alhali ba abin da ta yi, akwai magana. Sannan ka shiga saitin batir ka ga wace manhaja ce ke kan gaba wajen sha. In ka ga wadda ba ka ma san da ita ba, goge ta ka sake gwadawa kwana biyu. Ka ari caja mai kyau da igiya mai kyau wurin wani ka gwada. Ka haska ramin cajin da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki su hana kan igiya shiga sosai, waya ta kwana a wuta ta tashi da 40. Kashe ta, ka sa tsinken sakace na icce a hankali ka fito da dattin, ban da allura, ban da duk wani ƙarfe. Wani dattijo ya taɓa zuwa da kuɗin sabon batir a hannu, na ce, "Baba, a ɗan ba ni minti biyu." Abin da na zaƙulo daga ramin ya kai ƙwayar gero uku. Ya koma gida da kuɗinsa, kuma har na bar rumfar bai sake kawo wannan kukan ba.

Mai iPhone aikinsa ya fi sauƙi, don a saitin batir akwai wurin da aka rubuta Battery Health, lambar na nan a fili. Ƙasa da 80, lokacin canji ya yi. Sai dai mai sayen ta hannu ya yi hattara: akwai masu taɓa wannan lambar da na'ura ta koma 100 alhali batirin tsoho ne. Wayar da ta shekara huɗu a duniya ta nuna maka 100, ka tambayi dalili, ka kuma duba wurin bayanin wayar, don daga XR da XS zuwa sama tana faɗa in an sa mata batirin da ba ta tantance ba. Masu Samsung su duba manhajar Samsung Members, tana da wurin gwajin batir. Sauran wayoyin Android da yawa ba sa nuna komai, sai a sauke manhajar AccuBattery, a bar ta ta ga caji huɗu ko biyar masu tsawo, za ta ba da ƙiyasi. Ƙiyasi ne, amma in ta ce 60 kuma kana ganin alamun da na faɗa, shaidu biyu ke nan.

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta kawo mini kwamfutarta ta gwanjo, wai da an ɗauke wuta ba ta kai rabin awa. A Windows akwai umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, sai ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Nata bai kai rabi ba. Ba mu ɓata lokaci ba.

To in an tabbatar batirin ne, shin a canza shi ko a canza wayar? Ni abin da nake dubawa shi ne sauran jikinta. In gilashi lafiya, ramin caji lafiya, tana ɗaukar manhajojin da mai ita ke buƙata, sabon batir ya fi komai araha, musamman yadda kuɗin waya ya koma yanzu. In kuwa gilashi a fashe yake, lasifika na kakari, ma'ajiya ta cika har ba ta numfashi, kuma kuɗin gyaran duka zai doshi rabin kuɗin irinta ta hannu, gara a tara a sayi wata. Akwai ma wadda zamani ya riga ya wuce: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0, irin wannan ko an sa mata sabon batir, kira da tocila kawai za ta yi.

Wurin sayen batirin ma wani fagen ne. Na taɓa sayen guda goma a wani shago saboda araha, an rubuta musu lamba mai girma a jiki, fiye da na asali. Da na ɗora ɗaya a tafin hannun dama, na asalin a hagu, sai na ji sabon kamar ba komai a ciki. Cikin wata biyu bakwai suka dawo mini, na biya mutane kuɗinsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Batir mai girman jiki ɗaya ba zai ɗauki ninkin na asali ba, duk abin da aka rubuta a takardarsa. A duba ranar ƙira in akwai, don batir yana tsufa ko a kan kanta yake a ajiye. A nemi mai gyara ya rubuta garanti a rasit, ko na wata ɗaya ne. Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙin haka. A kuma tsaya a ga an sa shi.

In an sa sabo, a manta da tsohuwar maganar nan ta a caja shi awa takwas, ko a bar shi ya mutu murus kafin a mayar wuta. Wannan ta baturan nikel ce na da. Litiyam ya fi son tsakiya, tsakanin 20 da 80, shi ya sa wasu sababbin wayoyi ke da wurin da za ka hana su wuce 80 ko 85. Na san da irin wutarmu, in ta zo kowa so yake ya cika har baki, ni ma haka nake yi, ba zan ce wa kowa ya bari ba. Abin da ke hannunmu shi ne zafi: kada a bar ta a gaban mota cikin rana, kada a yi kallo da ita tana caji har ta ɗau zafi, kada a rufe ta da matashi ko bargo.

Ranar Asabar da safe na kai wayar Inna wurin wani abokina mai gyara, wanda tare muka fara neman abinci a bakin titi ɗaya. Yana ganinta ya ce, "Subhanallahi. Ta wace ce?" Na ce ta Inna ce. Bai ƙara magana ba, ya janye sauran wayoyin da ke kan teburin gefe, ya jawo wani gwangwanin madara da ya cika da yashi ya ajiye kusa da gwiwarsa. Ya tambaye ni nawa ne cajin da ke ciki, na ce bai kai 20 ba, ya ce madalla, mai ƙarancin caji ya fi sauƙin sha'ani. Bai taɓa sukurdireba ba. Ya ɗiga sifirit a gefen batirin don gam ɗin ya saki, ya jira, ya zura wani kati na roba a ƙasa yana turawa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana shinshinawa. Ya ce in ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge farce, to ya huje, a ja da baya. Ya fi minti goma a kai. Da ya fito, ya yi luhu-luhu kamar ledar fiya-wata. Ya liƙe bakin wayoyinsa da salatif, ya binne shi a cikin yashin, ya ce ba zai shiga bola ba, don bolar unguwarsu wuta ake sa mata, yara kuma na tone-tone a ciki.

Gilashin bai fashe ba, Allah ya taimaka, ya koma mazauninsa da sabon gam. Kafin azahar na isa Rafindadi da guduma da ƙusa da wani ɗan katako. Na kafa shi a bango kusa da soket, nesa da gado da taku biyu, na ɗora wayar a kai na sa mata caja. Inna na tsaye bakin ƙofa tana kallo.

Ta ce, "Karatun nan nawa suna ciki?"

Na ce, "Suna nan, Inna, ba abin da ya taɓa su. Amma a nan za ta riƙa kwana."

Ta dubi katakon, ta dubi gadon, ta ce daga nan ma za ta ji ta da asuba. Sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini 'yar Nokiata, ta ce Allah ya yi albarka.